Hadda da Hausa ma hadda ce

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, zancen lakwal ya dawo bakin jama'a daga Yamai har Damagaram. Wasu na murna, suna cewa ga shi yaro zai yi karatu da harshen da ya sha a nono. Wasu na ɗari-ɗari, musamman iyayen da ke jin Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci a gidajensu, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amma akwai wata magana da gardamar harshe ta rufe, alhali ita ce gindin matsalar: wane irin karatu ne za a yi da harshen? Idan abin da za a yi shi ne a ɗauki darasin da yaro yake haddacewa da Faransanci a juya shi, ya koma haddace shi da Hausa, to an sauya wa jaki akala ne kawai, kayan da ke bayansa suna nan.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji a ƙasar nan ya san muryar. Mushe ya faɗi jimla, yara saba'in ko tamanin su amsa da ƙarfi kamar bakinsu ɗaya. Ya sake faɗi, su sake amsawa. Daga nan ya rubuta taƙaitaccen darasi a allo, a kwafe cikin kaye, a tafi gida a haddace, gobe a tashi ɗaya bayan ɗaya a mayar masa da abinsa. Wanda ya mayar daidai shi ne mai ƙoƙari. Wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane dalili ba, sau da yawa shi ne mai ɓata wa aji lokaci. Sakamakon wannan tsari a rubuce yake. Binciken PASEC, wanda ke auna ƴan makaranta a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke ba a samu ba da ya kai matakin karatu da fahimta da ake bukata. A zagayen 2019 an samu ci gaba, abin ya kai wajen uku cikin goma. Ci gaba ne na gaske, a yaba wa waɗanda suka yi aikinsa. Sai dai ma'anarsa ita ce yara bakwai cikin goma sun share shekara shida a kan benci, suna iya furta abin da ke takarda, ba su iya faɗin abin da takardar ke nufi.

Abin mamaki shi ne waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sani. A dubi yarinya mai tallar ƙosai a tashar Maradi. Da dala take ƙidaya, kamar kowa. An sayi na dala talatin da biyar, an miƙa mata dala ɗari, kafin mai saye ya mayar da hannu aljihu ta ƙirga masa canjinsa dala sittin da biyar. Yaron da ke zama shagon ubansa kusa da iyaka yana juya naira zuwa sefa a ka, yana sane da cewa farashin jiya ba shi ne na yau ba. Wannan yarinya da wannan yaro su ne za a rubuta wa 500 a ɗebe 175 a allo, su tsaya suna kallon ƙasa. Lissafin ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Ba wanda ya taɓa gaya musu haka. Malamin da ya fara darasinsa da tambayar me ya sa takardar da aka rubuta wa 500 ake kiranta dala ɗari, ya bar yara su yi ta cacar baki har su gano da kansu cewa kowace dala tamma biyar ce, ya koyar da ninkawa da rabawa a zama ɗaya, kuma ba za su manta ba, domin su suka tono abin.

Irin waɗannan tambayoyi suna zube a ko'ina, ba sa bukatar kuɗin Bankin Duniya. Me ya sa ruwan randa ya fi na bidon sanyi, alhali a inuwa ɗaya aka ajiye su? Malami zai iya faɗin amsa cikin minti ɗaya, a kwafe, a haddace. Zai kuma iya kawo randa da bidon aji, ya sa kowane yaro ya fara faɗin abin da yake zato tun kafin a taɓa ruwan, a rubuta zatuttukan a allo har da na kuskure, sannan a shafa jikin randa a ji danshi, a shafa na roba a ji shi a bushe. Wani yaro zai ce randa tana gumi. Daga wannan kalma tasa malami zai ja su zuwa ga gaskiyar abin: ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana bushewa a iska, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Haka gawo. Kowane ɗan manomi a ƙasar Matamai ko Tasawa ya san hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau. Kaɗan ne aka taɓa tambaya ko me ya sa, har su lura cewa shi gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi wa ƙasa taki bai tare wa shuka rana ba, da rani kuma ya yi inuwa dabbobi su kwanta su bar kashinsu. Darasin kimiyya ne cikakke a bakin gona, kuma mahaifin yaron, wanda bai taɓa shiga aji ba, yana da abin faɗi a ciki.

Wani ɗan ƙasar nan ya faɗi kusan duk wannan tun 1964. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin kimiyya wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi a waccan shekara a kan ilimi a Afirka. Ya nuna cewa makarantar da Turawa suka bari an gina ta ne don ta fitar da akawu da tafinta, kuma ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a haɗa karatu da rayuwar da suke ciki. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara wasu da sauran manyan harsunan ƙasa. Masu binciken da suka auna su sun tarar yaransu sun fi sakin baki a aji, kuma ba su gaza takwarorinsu a Faransanci ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta rubuta cewa harshen uwa ne harshen koyarwa a farkon firamare. Duk da haka makarantun suka shekara fiye da ashirin ana kiransu na gwaji, kamar tuwon da aka ƙi saukewa daga murhu. Manyan ma'aikata da yawa da ke yabonsu a taro ba su kai ƴaƴansu can ba, wannan kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne.

Abin da harshen uwa ke bayarwa shi ne damar tambaya. Yaron da bai mallaki kalma ashirin ta Faransanci ba, ba ya iya cewa bai yarda ba, ba ya iya cewa a gidansu ba haka ake yi ba. Tsofaffin ƴan lakwal suna tune da zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya don an kama shi yana Hausa a farfajiya. An daɗe da jefar da alamar, shirun da ta koyar bai bar aji ba. To amma dama ce kawai harshen ke buɗewa. Malamin da aka horar da hadda, aka ba shi takarda da hadda, zai haddatar da Hausa cikin sauƙi fiye da yadda ya yi da Faransanci, ya ma ji daɗin cewa yara suna amsawa da sauri.

A nan wasu za su kawo makarantar allo, su ce ai da hadda aka gina malaman ƙasar nan. Gaskiya ne, kuma hadda tana da wurinta: ba wanda zai nemi yaro ya gano jadawalin ninkawa sabo kowace safiya. Sai dai magabata ba su tsaya a allo ba. Almajirin da ya sauke yakan koma zaure, ya buɗe littafi gaban malami, a karanta jimla a fassara ta da Hausa, a warware ta, ya kawo abin da ya shige masa duhu a yi masa bayani. Lakwal ta ɗauki rabin farko ta watsar da na biyu.

Gyaran yana farawa daga abubuwa ƙanana. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 cewa malami yakan jira wajen daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Jira ba shi da farashi. Haka nan idan yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, a tambaye shi ta wace hanya ya bi ya same ta, domin a cikin hanyar ne kuskuren yake, kuma rabin ajin ita suka bi. A aji mai yara tamanin, inda malami ba zai iya jin kowa ba, sai a sa kowane yaro ya yi wa na kusa da shi bayani kafin a ɗaga hannu. Za a yi hayaniya. Insifektan da ya shigo ya tarar da ita ya kamata ya tsaya ya ji ko ta mece ce kafin ya ɗauki alƙalami.

Ba adalci ba ne a jibga duk nauyin a kan malami. Mafi yawan masu koyarwa a firamare ƴan kwantaragi suka shigo aikin, da ɗan horo kaɗan da albashin da ya sha makara. Da gwamnati ta yi musu jarrabawa a 2017, mafi yawansu ba su kai rabin maki ba. Mutumin da shi kansa bai tabbata da amsa ba yana tsoron tambaya, hadda kuwa ita ce garkuwarsa. Saboda haka makarantun horon malamai na Damagaram, Maradi, Tawa da Doso su ne wurin da za a fara, kuma ba ta hanyar sa ɗalibai malamai su haddace babi a kan illar hadda ba. A sa su su yi gwajin randa da hannunsu, su tsaya gaban yara na gaske, a dube su, a gyara musu.

Sai jarrabawa, wadda ita ce ke jan ragamar kowa. Muddin takardar BEPC da ta Bak suna saka wa wanda ya fi iya mayar da darasi yadda aka ba shi, malami zai haddatar, uba zai biya kuɗin darasin yamma don a ƙara haddatarwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Ma'aikatar ilimi tana da ikon sanya wa kowace takarda tambaya ko da ɗaya ce wadda ba ta cikin kaye, wadda ke neman ɗalibi ya kawo dalili, a ba da maki a kan dalilin. Shekara biyu ta isa labarin ya kai kowane aji.

Iyaye ma suna da nasu kason, kuma shi ya fi wuya. A gidaje da yawa yaro mai yawan tambaya sunansa fitsararre, wanda ya sunkuyar da kai shi ne mai tarbiyya. Ladabi abu ne mai daraja, ba mai neman a zubar da shi. Amma Alhajin da ke son ɗa mai kunya a zaure shi ne ke son magajin da zai buɗe kwali a Kwatano ya duba kaya kafin ya biya, ya karanta takardar duwan ya gane inda aka cuce shi. Darektan da ke kuka cewa ma'aikatansa ba sa motsi sai an ba su umurni a rubuce, ya tuna ajin da suka fito. Idan yaro ya dawo daga lakwal da yamma, iyaye sun saba tambayarsa maki nawa ya samu. Ƙungiyoyin iyayen yara suna da kujera a kwamitin kowace makaranta, kuma a zama na gaba suna da hurumin tambayar darektan lakwal sau nawa aka bar yaro ya yi tambaya a ajinsa cikin mako.