Kabad ɗin amarya: a auna ɗaki kafin a ɗauko zarto

Duk wanda ya leƙa wajen jere a Boɗinga ko Shagari a 'yan shekarun nan ya ga yadda kayan ɗaki suka sauya. Kwanukan da iyayenmu ke jerawa a kan kanta sun koma cikin kabad mai sheƙi, wanda ake sayowa a Sakkwato ko Kano, wani a haɗe, wani a cikin kwali, allo-allo, da 'yar ledar notuna, sai an zo gida a harhaɗa. Uba ya sayar da hatsi ko dabba, uwa ta kwashi adashi, an biya kuɗin mota. Abu ɗaya ne ba a yi ba: ba wanda ya auna ɗakin da za a sa kayan.

Masana'antar da ta yi kabad ɗin tana da awonta da ba ya canzawa. Faɗin akwatunan yakan zo santimita 40, 60 ko 80. Shi kuwa kicin ɗin gidan miji, na ƙasa ne ko na bulo, da igiya da ido magini ya fitar da shi. Bango ya ɗan karkata, daɓe yana da gangare, taga ta faɗo inda ba a zata ba. Sai a wayi gari ranar jere akwati ɗaya ya ƙi shiga, ko kuma gurbi ya rage da ba murfin da ya yi masa daidai. A nan ake aika yaro ya kirawo kafinta da zartonsa, mata na tsaye a kansa suna cewa ya yi sauri.

Mu ba mu ga laifin rage kayan kwali ba. Ko a Turai, inda kamfanin IKEA na Suwidin ya yaɗa wannan salo tun wajen 1956, masu gida suna yanka suna gyarawa don ya dace da ɗakunansu. Abin da muke ƙi shi ne yankan gaggawa, domin wannan allo ba madaci ba ne. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da siririyar fata mai sheƙi. Fatar nan ita ce duk kariyarsa. Da zarar zarto ya bi ta gefe, cikin ya fito fili, kuma ruwan wanke-wanke ko danshin damina na taɓa shi zai kumbura kamar burodi a cikin shayi. Ba ya komawa. Zarto mai manyan haƙora kuma yana tsattsage fatar, bakin murfin ya zama kamar ɓera ya gwaigwaye shi.

Akwai kuma maganar ƙarfen da ke riƙe murfin. Irin na zamani yana zama ne cikin wani rami mai faɗin milimita 35 da aka haƙa a bayan murfi, dab da baki. Kafintan da ya rage faɗi ta wannan gefen ya zubar da ramin ke nan, kuma idan ba shi da bakin injin huda mai wannan awo, sai ya koma ga kurfi da guduma, ko ya buga ƙusa. Allon ba ya riƙe ƙusa, noti ma ba ya kama shi sau biyu a rami ɗaya. Shi ya sa kafin amarya ta yi haihuwar fari za ka tarar murfi ɗaya na reto, ɗaya an jingine shi a bayan ƙofa. Murafun da aka yi wa zanen firam, ko aka naɗe su da leda har gefe, ko masu gilashi, waɗannan kam ba sa yankuwa ko kaɗan. Naɗaɗɗen ma zafin watan Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, da hucin murhu sun isa su ɗaga ledarsa tun ba a taɓa shi ba.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A je da kafinta ya auna bango a sama da ƙasa, tunda ba lallai awon ya zo ɗaya ba, kafin a biya ko kwabo. In gurbin da ya rage ɗan kaɗan ne, a toshe shi da siririn allo, a bar murafu yadda suka zo. In dole sai murfi na musamman, ya fi a yanko sabo daga cikakken allo mai santimita 122 da 244, ko daga wani shimfiɗaɗɗen gefe da ya yi saura a kwalin, a manna masa tef ɗin baki a duk inda zarto ya bi, a bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin murfi da murfi. A kuma ɗora kabad a kan ƙafafu, kada ya zauna a daɓe, saboda ruwa da gara. Ba garar da dangin amarya ke kaiwa muke nufi ba, wadda ke cin katako.

Sai dai faɗa wa kafinta ya yi aiki mai kyau ba ya sa masa kayan aiki a hannu. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala daga hannun hukuma, ciki har da kujeru da gadaje da irin waɗannan alluna, da nufin a riƙa yin su a gida. A Oktoban 2023 aka ɗage hanin. Shekara takwas ke nan, amma kafintan Sifawa ko Danchadi bai tashi da injin yanka allo ko na manna tef ba. Yanzu kuma faɗuwar naira ta sa kuskuren yanka ɗaya ya isa ya cinye masa ribar aikin gaba ɗaya.

Lafiyarsa ma tana cikin lissafin. Ƙurar wannan allo laushi gare ta kamar gari, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako, da sinadarin fomaldihaid da ke cikin gam ɗin irin waɗannan alluna, a jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Yaran shago, wasu ba su kai shekara goma sha biyar ba, suna shaƙar ta babu takunkumi.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna kira ga shugabannin Boɗinga da Shagari, idan za su yi rabon kayan sana'a na gaba, su haɗa kai da ƙungiyoyin kafintoci su kafa wurin yanka ɗaya a kowace hedikwata: injin yanka allo, injin manna tef, injin huda ramin murfi, da wutar sola ko janareta, kowa ya kawo allonsa ya biya kuɗi kaɗan. Gwamnatin jiha kuma ta turo malaman kwalejojin fasaha, irin ta Farfaru, su ba masu shaguna horo na 'yan makonni, a kuma yi shi kafin kaka, lokacin da bukukuwan aure ke yawaita.