Mai Gyaran Tsohon Hoto Da Mai Juyar Littafi Amanarsu Ɗaya

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta yaɗu a biranen Arewa wadda kakanni ba su san ta ba, watau gyaran tsofaffin hotuna da kwamfuta. Mutum ya kan kai hoton mahaifinsa wanda gara ta ci gefensa, ko ruwa ya ɓata, ko tsufa ya koɗar, mai sana'a ya ɗauki kwafinsa ya sa cikin na'ura, ya bi shi da alƙalamin allon kwamfuta, ya ɗinke inda ya yage, ya share tabo, ya fid da shi kamar yau aka ɗauka. Da yawa cikin masu wannan aiki samari ne masu hannun zane, waɗansunsu da fenti da buroshi suka fara kafin su koma ga na'ura. Sana'a ce mai fa'ida, kuma ƙasar Birnin Gwari tana cikin waɗanda suka fi bukatarta. Amma fa akwai haɗari a cikinta, wanda ya kamata malamai da 'yan kasuwa su sani tun ba su miƙa hoton da ba su da na biyunsa ba.

Dalilin bukatar ba ɓoyayye ba ne. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999, shi da dajin Kuyambana na Zamfara da ke maƙwabtaka da shi, sun zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 aka afka wa ƙauyen Gwaska, aka kashe fiye da mutum 40. Ƙauyuka da yawa sun watse, an ƙone gidaje da rumbuna. Wanda ya gudu da tsakar dare 'ya'yansa ya ke ɗauka, ba ya tsayawa neman adakar da hotuna ke ciki. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta daɗe a rufe. Gidan da aka ƙone ana iya sake gina shi, garken da aka kora ana iya sake tara wani, amma fuskar mamaci in hotonta ya ƙone, ta tafi ke nan. Saboda haka ɗan abin da ya tsira ya ƙara daraja.

Ko inda wuta ba ta kai ba, akwai maɓarnata na ɓoye. Hoton baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne ƙanana ƙwarai, shimfiɗe cikin wani irin danƙo a bisa takarda. Danƙon nan yana shan laima, damina kuwa doguwa ce a wannan yanki. In ya sha sai ya yi taushi, fumfuna ta kama shi, ko kuwa ya manne da gilashin firam, ran da aka ce za a ɓamɓare shi fuskar ta bi gilashi. Hoto mai launi na shekarun 1970 da 1980 da rini aka yi shi, rinin kuma ba ya koɗewa gaba ɗaya, wani launi ya kan riga wani gushewa, shi ya sa a ke ganin irinsu sun koma jaja-jaja. Ga kuma gara da kyankyaso, ga salatif da a ke liƙawa da nufin gyara, ya bushe ya bar tabon da ba ya fita.

Mas'alar hukuncin hoto tsohuwa ce, malamai sun yi bayani a kanta, akwai saɓani tsakaninsu, kuma su ne ma'abota fatawa. Abin da ba a musu a kansa shi ne hotunan suna nan a gidaje, har gidajen malamai. Wani gidan ba shi da hoton kakansu sai ɗan ƙaramin nan na fasfo da ya ɗauka domin tafiya aikin hajji, wani na katin shaida, wani na ranar naɗin sarauta ko saukar karatu. Tun da ya ke suna nan, kuma jikoki za su dube su su ce ga kakanmu, to, wajibi ne abin da za su gani ya zama gaskiya.

Malamai sun fi kowa sanin wannan ƙa'ida, domin ita ce ƙa'idar juyar littafi. Almajirin da aka ba tsohon littafi ya juya, kadan ya iske gara ta cinye kalma, ba ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Ya kan nemi wani kwafi ya gwada su. In bai samu ba sai ya bar wurin fari, ya rubuta a gefe cewa haka ya iske a asali. In kuwa gyara ya yi, a gefen shafi ya ke yin sa, ya sa alama, domin mai karatu ya rarrabe maganar mawallafi da ta mai juyi. Wanda ya cusa zatonsa cikin nassi ba tare da alama ba, ko da kalmarsa ta fi ta asali daɗi, ya ci amana. Hoton mamaci kamar nassi ne, mai shi ba ya nan balle ya ce ba haka kamanninsa su ke ba.

A nan ne haɗarin sabuwar na'ura ya ke. Mai gyara da hannu yana bin abin da idonsa ya gani, ya ɗebo launi daga gefen tsaga ya rufe ta, aikin kuwa yana cin sa'o'i. Amma yanzu akwai manhajoji a wayar hannu masu aiki da abin da a ke kira ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke fid da dusasshen hoto garau cikin ƙiftawar ido. Ya kamata a san yadda su ke yi. An nuna wa na'urar dubban fuskokin mutane har ta koyi yadda ido da hanci da baki su kan kasance. In aka ba ta hoton da ya dushe, ba tono abin da ya ɓace ta ke yi ba, domin abin da ya ɓace ba ya nan. Ƙaga wa wurin fuska ta ke yi daga cikin waɗanda ta saba gani. An ga misalin wannan a fili a watan Yuni na 2020, sa'ad da wani ya sa dusasshen hoton Barack Obama, tsohon shugaban Amurka, cikin wata manhaja da aka gina bisa aikin masana na Jami'ar Duke, sai ta fid da fuskar wani Bature wanda ba a taɓa haihuwarsa ba. In na'ura ta yi haka ga mutumin da duniya duka ta san fuskarsa, ina ga tsohon liman na Kuyello ko Randagi wanda hotonsa ɗaya ne tak?

Abin da ya fi saurin salwanta kuwa shi ne abin da ya fi muhimmanci. Tsagar gado da wanzami ya yi wa mutum yana jariri, ita ce ta ke faɗin asalinsa da gidan da ya fito, amma na'ura tana iya ɗaukar ta a kan ƙarzuwar takarda, ta shafe ta. Naɗin rawani yana da ma'ana, mai kunne biyu dabam, na malami dabam, ba a haɗa su. Aikin allura na gaban riga, aska takwas ne ko aska biyu, yana nuna matsayin mai ita da hannun maɗinkin. Haka kuma sa wa hoton baƙi da fari launi zato ne tsantsa. Rigar da ta fito baƙa a hoto, ko kore ce mai shuni, ko saƙi, ko wani abu dabam, na'ura ba ta sani ba, mai gyara bai sani ba, sai wanda ya ga rigar da idonsa. Ga kuma ɗabi'ar haska fata da siranta hanci da sunan ƙawa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Wani zai ce, ai mai hoto shi ya biya kuɗinsa, in yana son ya ga uwarsa da kyau da launi, ina ruwan wani? Maganarsa tana da fuska. Maraya da bai san mahaifinsa ba, in aka fid da masa fuska daga cikin duhu, sanyin da zai ji a zuciya ba abin rainawa ba ne. Mai fenti kuma yana da 'yancin ya dubi tsohon hoto ya zana kamarsa a bisa ƙyalle ko allon kwamfuta, ya ƙara abin da hikimarsa ta ba shi, kowa ya gani ya san zane ne. Laifin yana wajen kiran zane da sunan hoto. Masu gyaran tsofaffin gine-gine na ƙasashe dabam-dabam sun taru a birnin Benis na Italiya a 1964, suka yi ittifaƙi a kan cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Ƙa'idar masu juyar littafi ce aka faɗa da wani harshe.

'Yan kasuwa ma suna da suna ga wanda ya gauraya sabo da tsoho ya sayar bai faɗa ba, shi ne algus. Saboda haka cinikin gyaran hoto ya zama da sharaɗi kamar kowane ciniki. Mai sana'a ya mai da hoton asali kamar yadda ya karɓe shi, kada ya wanke shi, kada ya rufe shi da ledar nan ta zafi wadda ba ta ɓamɓaruwa. Ya ba da kwafi biyu, ɗaya kamar yadda hoton ya ke da tabonsa da yagewarsa, ɗaya wanda aka gyara. Ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta, inda ya ƙara da hannunsa da inda na'ura ta ƙaga. In rabin fuska ya tafi, ya tambaya ko akwai wani hoton mutumin, ko tsohon da ya san shi, in babu ya bar wurin. Mai kai aiki shi ma kada ya matsa a yi masa abin da ba ya yiwuwa, sa'an nan ya biya ladan aikin hannu yadda ya kamata, gama mai bin tsaga ɗaya-ɗaya ba za a biya shi kuɗin mai danna waya ba.

Har wa yau akwai gyaran da ba ya bukatar kwamfuta, ya kuma fi kowane gaggawa, shi ne rubuta suna. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, ya buɗe shagonsa a 1948, ya ɗauki dubban mutane, ya adana fina-finansa da kyau, har aka nuna aikinsa a Faransa da Amurka. Amma galibin mutanen da ke cikin hotunan ba a rubuta sunayensu ba, ana sha'awar tufafinsu ba a san ko su wane ne ba. Kowane almajiri da ya iya ajami yana iya hana irin wannan hasara a gidansu. Ya zauna gaban tsohuwar gida tun tana da rai, ya rubuta a bayan hoto da fensir, ba da biro ba domin tawadarsa tana ratsa takarda: wane ne, ɗan wane, a wane gari, zamanin wane sarki. Tun ran gini tun ran zane.

Sa'an nan a yi wa hoto irin ajiyar littafi. A sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a sa su cikin gafaka ko adaka, nesa da ƙasa da bango mai laima, a riƙa duba su bayan damina. Kwafin na'ura kuwa kada a dogara ga waya ɗaya, domin waya tana ɓata, ana ƙwace ta a hanya, kuma mutanen Birnin Gwari sun ga yadda aka yanke layin sadarwa a yankinsu wajen wata biyu a ƙarshen 2021. A aika wa ɗan'uwa na Kaduna kwafi, a aika wa na Zariya ko Funtuwa. Mutanen Tambutu sun nuna amfanin rigakafi: a watan Janairu na 2013 'yan tawaye suka ƙone littattafai wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, domin Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun kwashe su cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, waɗansu a mota, waɗansu a kwale-kwale.

Zai kyautu Masarautar Birnin Gwari ta shiga gaba cikin wannan aiki, ta nemi hakimai da dagatai da limamai su tara kwafin hotunan sarakuna, da malamai, da kasuwanni, da ƙauyukan da suka watse, kowane da sunansa, asalin kuma ya zauna hannun masu shi. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 domin adana tarihin Arewa, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wurare ne da a ke iya neman shawararsu, a kuma ajiye kwafi a can. Samari masu hannun zane su sami aiki, su kuma sami horo irin na masu juyar littafi. Yaran da aka haifa a gudun hijira, waɗanda ba su taɓa ganin ƙauyen iyayensu ba, suna da hakkin a nuna musu kakanninsu da tsagarsu da rawaninsu kamar yadda Allah ya yi su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasar lafiya, amin.