Ƙasusuwan Kennewick da haƙƙin masu rai

A shekarar 1996 aka tsinci ƙoƙon kan mutum a gaɓar kogin Columbia, kusa da garin Kennewick a jihar Washington ta Amurka. Awo ya nuna mai ƙasusuwan ya rayu kusan shekara 9,000 da suka wuce. Ƙabilun yankin, irin su Umatilla da Yakama da Colville, suka ce kakansu ne, a ba su su binne shi, kamar yadda wata dokar 1990 ta tanada. Wasu masana suka garzaya kotu, suna cewa ƙirar kan ba irin ta 'yan asalin ƙasar ba ce, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ba su gaskiya a 2004. Sai a 2015 binciken ƙwayoyin gado da Eske Willerslev ya jagoranta ya tabbatar da cewa mamacin ya fi kusa da 'yan asalin Amurka na yau fiye da kowace al'umma a duniya. An binne shi a Fabrairun 2017. A ganina ƙabilun ne ke da gaskiya tun farko, ko da a ce sakamakon bai zo haka ba.

Tambayar daga ina waɗannan mutane suka fito tambaya ce mai daraja. Tun 1590 José de Acosta ya yi hasashen cewa ta ƙasa suka shigo daga Asiya, akasarin masana na yau kuma sun yarda ta Siberiya ne, lokacin da mashigin Bering yake tudu. Gardamar da ta rage ita ce yaushe: shekara 13,000 na zamanin tsohuwar al'adar da ake kira Clovis, ko fiye da 21,000 da sawun ƙafa da aka gano a White Sands ke nunawa. Amma ƙabilun suna ɗari-ɗari da irin wannan tambaya, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ƙarni na 19 Turawa sun yaɗa cewa manyan tuddan ƙasa irin na Cahokia aikin wata ɓatacciyar al'umma ce da 'yan asalin suka hallaka. Shugaba Andrew Jackson ya jingina da wannan tatsuniya a 1830 don kare dokar korar ƙabilu, korar da ta ci ran 'yan ƙabilar Cherokee wajen 4,000. Sai a 1894 Cyrus Thomas ya tabbatar da cewa kakannin 'yan asalin ne maginan, alhali gonakin sun riga sun salwanta. Mu ma mun san irinta, domin a 1910 Leo Frobenius ya ga kawunan mutum-mutumi na Ife ya ce aikin mutanen Atlantis ne, ƙasar almara.

Za a ce ilimi na duk ɗan Adam ne, binne ƙasusuwa kuwa rufe littafi ne har abada. Akwai asara, ban musa ba. Sai dai littafin Kennewick bai karantu sosai ba sai da mutanen Colville suka yarda suka ba da samfurin ƙwayoyin gadonsu aka gwada. Inda aka ci amana kuwa, ƙofa rufewa take yi. Ƙabilar Havasupai ta ba da jini don binciken ciwon sukari da ya addabe ta, aka juya aka yi nazarin asalinta da shi ba da saninta ba, har Jami'ar Jihar Arizona ta biya diyyar dala 700,000 a 2010. 'Yan ƙabilar Navajo kuwa tun 2002 suka dakatar da irin wannan bincike a ƙasarsu.

Wasu kuma na cewa tunda daga Asiya suka zo, su ma baƙi ne. Wannan ba hujja ba ce. Haƙƙinsu na fili da asibiti yana rubuce a yarjejeniyoyi fiye da 350 da gwamnatin Amurka ta ƙulla da su kafin 1871, babu kuma ɗaya da ta gindaya sharaɗin shekarar da kakanninsu suka ƙetaro Bering.