Kicin Ɗin Uwargida: Kofi Ko Sikeli Wajen Auna Gyaɗa?



Sau da yawa za ki ga an rubuta miki kofi ɗaya na ɓarzajjiyar gyaɗa a haɗin kek, wani littafin kuma ya ce giram kaza. Ga yadda za ki daidaita su.

Kofin awo na girki yana cin mililita 240. Idan kika cika shi da ɓarzajjiyar gyaɗa, nauyinta wajen giram 145 ne, rabin kofi wajen giram 70, babban cokali kuma giram 9. Ƙaramin gwangwanin madara bai kai kofi ba, kusan kashi biyu cikin uku ne.

Amma ki lura, kofi cika yake aunawa, ba nauyi ba. Almon guda-guda kofi ɗaya giram 140 ne, idan aka yanka shi fale-fale kuwa sai ya koma wajen giram 90, domin iska ta shiga tsakani. Saboda haka ki fara ɓarzawa kafin ki auna, kar ki danna, ki share saman kofin da wuƙa.

Ke mai yin kek na sayarwa, ki daure ki sayi ɗan sikeli. Gyaɗa ta yi yawa, kek ya yi nauyi, riba ta tafi. Ta yi kaɗan, kin tauye mai saye. Ki auna kofinki sau ɗaya, ki rubuta, ki manna a bangon kicin.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.