Tsatsar da Ke Ɓoye Ƙarƙashin Baƙin Fenti

A damunar bara, a kan hanyar burji da ke fitowa daga Taba, na tarar da wata a-kori-kura ta durƙusa a tsakiyar taɓo da buhunan taki a bayanta. Direban ya rantse mini bai yi lodin da ya wuce ƙa'ida ba. Da na leƙa ƙarƙashi sai na ga gaskiyarsa: sifirin ɗin baya ne ya karye, bakin karayar kuma rabinsa ja ne, alamar tsagar ta daɗe tana ci. Allah Ya kiyaye ba a kan kwaltar Zariya zuwa Kano abin ya faru ba, yana tsaka da gudu.

Mu a ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara, mota ba abin ado ba ce. Ita ke fito da rake da tumatir da masara daga fadama, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Amma mun fi kula da inji da taya, mun bar sifirin da shokazoba da kusoshin da ke riƙe da su.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana hanzarta ta. A nan muna da abubuwa uku da ke taimakonta. Na farko tsakuwar hanyar burji, wadda ke ɓare fenti. Na biyu taɓo, wanda ke maƙalewa a lungunan ƙarfe ya riƙe danshi kwanaki bayan an ɗauke ruwa. Na uku takin zamani, domin NPK na ɗauke da gishirin da ke cin ƙarfe, kuma duk buhun da ya fashe a bayan mota ruwan sama ƙasa yake wanke shi. Ga kuma motocin tokumbo da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Da ciwonsu suke isowa.

Ba kowace kariya ce ɗaya ba. Fenti riga ce kawai: da zarar ya yage, tsatsa ta samu ƙofa, ta riƙa ci ta ƙarƙashinsa. Tutiya kuwa, wadda ake lulluɓe kwanon rufi da ita, aikinta daban ne, domin ko an ƙarce ta ita ce ke fara lalacewa a madadin ƙarfen. Shi ya sa kusoshi da mariƙan da aka yi wa rufin tutiya suka fi daɗewa. Masana'antu kan gwada irin wannan rufi ta hanyar fesa masa ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35 na sa'o'i masu yawa. Duk da haka manyan kamfanoni ma sukan yi tuntuɓe: a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, saboda tsatsar ƙashin motocinta ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia. In haka ta samu masu ɗakunan gwaji, ina ga mai sayen kayan gyara da ido kawai?

A nan ne nake da magana da 'yan'uwana direbobi. Ƙarfen da aka fesa wa baƙin fenti a kan tsatsa ya fi wanda aka bari tsirara hatsari, domin ya ɓoye ciwon bai warkar da shi ba. A jikin sifirin, ɗan ramin da tsatsa ta haƙa shi ne mafarin tsaga, kowace gargada kuma tana ƙara buɗa ta. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana jawo ƙura, yana kuma lalata robobin bushin. Walda a kan sifirin tana kashe taurin da aka ba shi da wuta a masana'anta, don haka wanda ya karye canji yake bukata.

Maganin ba ya fi ƙarfin aljihu. A shimfiɗa tamfol kafin lodin taki. A wanke ƙarƙashin mota bayan an shiga taɓo, ba jikinta kaɗai ba. Kafin damuna a sa bakanike ya kankare tsatsa da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes, a shafa jan fenti na ƙasa, sannan na sama. Mai sayen na hannu kuma ya ƙarce fentin ya ga abin da ke ƙarƙashi kafin ya biya.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu da su mayar da duba ƙarƙashin mota al'ada a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Rigakafi ya fi magani, kuma rayukan da ke saman lodi amana ce a wuyan mai tuƙi.