Warantaji: kwaɗo biyu a ƙofar mangaza, amma wa ke tsare farashi?

Kaka ta kama, hatsi da wake sun cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, farashi ya faɗi kamar kowace shekara. Yanzu ne gungunan manoma ke komawa ga warantaji, tsarin da hukumar FAO ta taimaka aka shigo da shi Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Manomi ya kai buhunansa mangaza, asusun ba da rance ya ba shi bashi, in bazara ta yi farashi ya tashi sai ya biya ya ɗauki kayansa.

Abin da ya burge mu a tsarin shi ne, tun farko an yi lissafin cewa wani zai saɓa alkawari. Mun san adashi: mutum guda ya kwashi nasa ya daina zubi, na ƙarshen layi ne ke kuka. A warantaji kwaɗo biyu ake sa wa ƙofa, makulli ɗaya wurin gungu, ɗaya wurin asusu. Ko shugaban gungu ba ya iya buɗewa shi kaɗai da dare. Bashin kuma ba ya kai kuɗin kayan, galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ne. A ce buhunka jaka 20 ne ranar ajiya, wajen jaka 15 za ka karɓa. In ka ƙi biya, a sayar da buhun, asarar tana kanka, maƙwabcinka bai ji komai ba.

To amma jama'a, duk wannan ya dogara ga tashin farashi. Mun ga Nijeriya ta rufe iyaka a 2019. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da cimaka waje, ban da Mali da Burkina Faso. OPVN kuma na sayar da hatsi da rahusa lokacin wuya, abin da ke taimakon mai saye ƙwarai. Sai dai a irin wannan shekara wanda ya yi ajiya na iya tarar da farashi bai motsa ba, ga kuɗin ruwa, ga kuɗin mangaza. Nan mutane da yawa ne ke kasa biya lokaci guda, kuma kwaɗo ba ya maganin wannan.

A ganinmu, kafin a rufe ƙofa gungu da asusu su rubuta abin da za a yi in farashi ya ƙi tashi: ƙarin wa'adi ne, ko raba asarar? Ƴan uwa da ke aiko kuɗi daga Kano, Abijan ko Libiya, ku tambayi na gida buhu nawa aka kai mangaza, nawa aka bari na ci, da ranar da za a biya.