Ba iska ce ta kashe wutar Texas ba

A Fabrairun 2021, da sanyi ya daskarar da jihar Texas ta Amurka, miliyoyin gidaje suka kwana cikin duhu, sai gwamna Greg Abbott ya fito a talabijin ya ɗora wa injinan iska da farantan sola laifi. Har yau ana ta maimaita zancen: wutar iska ba ta da amana, yau tana nan gobe babu. Binciken FERC, hukumar makamashi ta tarayya, kuwa ya nuna kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga tashoshin gas ne, inda rijiyoyi da bututu suka daskare. Texas kuma ta daɗe da ware layukanta daga na maƙwabta, don haka ranar wuya ɗan abin da ta iya arowa bai taka kara ya karya ba.

Iska takan ɗauke, babu mai musun haka. Amma masu zaginta da masu yi mata kirari awo ɗaya suke yi, ƙidayar megawat nawa aka kafa, kuma awon banza ne. Injiniyan da ke ɗakin kula da layin wuta tambayarsa daban: in iska ta faɗi yanzu, megawat nawa zan iya tayarwa, cikin minti nawa, kuma awa nawa za su riƙe ni? Batir yakan amsa kafin ƙiftawar ido, madatsar ruwa cikin mintuna, tashar kwal da ta huce kuwa sai an jira ta awanni.

Jihar Kudancin Ostareliya ma ta sha irin wannan sharrin. Ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da turakun layin, na'urorin kariya suka janye gonakin iska, layin da ke kawo wuta daga jihar Victoria ya yi nauyi ya katse, wutar Kudancin Ostareliya ta mutu ɗungurungum. Ba su tumɓuke injinan ba. Suka gyara saitin kariyar, a 2017 suka kafa batirin Tesla mai megawat 100 a Hornsdale. Yau fiye da rabin wutarsu daga iska da rana take.

Mu nan Najeriya, gonar iskar Lambar Rimi a Katsina megawat 10 ce kacal, amma babban layin ƙasa yakan durƙushe sau da yawa a shekara guda. Wace iskar za mu zarga?